Me ya sa narkakkiyar roba take da kauri a bakin inji amma ta tsinke a cikin mol?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a kan injin zuba bokiti da baho a wata ƙaramar masana'anta a Kumasi, wajen Asokwa. PP muke amfani da ita, sabuwa da niƙaƙƙiya. Idan na fitar da robar a iska tana saukowa da kauri kamar tuwo, amma ita ce take cika bokiti mai nauyin giram 300, kaurin bangonsa milimita 1.5, cikin sakan 2. Ta yaya hakan ke yiwuwa? Na biyu, mun sayi buhuna iri biyu, duka an rubuta MFI 12, ɗaya na cika mol lafiya, ɗayan kuma bokitin ya fito guntu. Masta ya ce in rage gudu in ƙara zafi, abin sai ya ƙara lalacewa. Sannan uwargidana tana haɗa sabulun ruwa a Aboabo, ta ce in tana juyawa sai ya tsinke, in ta bar shi ya koma da kaurinsa. Ko abu ɗaya ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyinka uku ne, amma saiwarsu ɗaya: kaurin narkakkiyar roba ba shi da lamba guda da za a rubuta a kan buhu a huta. Yana sauyawa gwargwadon saurin da aka tura ta. Robar da ka gani tana saukowa kamar tuwo a bakin inji, da wadda ta ratsa ƙofar mol, wato ƙarfen da ke ba bokiti siffarsa, roba ɗaya ce a zafi ɗaya, amma kaurinsu ya bambanta sau gommai.

Kauri a nan shi ne turjiyar da abu yake yi idan aka tilasta masa gudana, ana auna shi da Pa·s. Ruwa a digiri 20 yana da 0.001. Zuma tana tsakanin 2 da 10. Narkakkiyar roba da take zaune ko take rarrafe tana kai ɗaruruwa zuwa dubbai. Ruwa da mai, ko ka juya su a hankali ko da ƙarfi, kaurinsu bai sauyawa muddin zafinsu ɗaya. Roba ba haka take ba. Kuma abin da ake nufi da sauri a wannan fanni ya ɗan bambanta da wanda ka saba. Duk abin da ke gudana cikin bututu, wanda yake manne da bango a tsaye yake, na tsakiya ya fi gudu, a tsakaninsu shimfiɗa tana zamewa a kan shimfiɗa. Yawan wannan zamewar shi ne saurin zamiya, ana ƙirga shi da kaza a sakan. Hanya ta ƙara matsewa ko robar ta ƙara yawa a sakan, saurin zamiya ya hau.

Abin da ke faruwa a cikin robar

PP (polypropylene, robar bokitinka) da PE (polyethylene, irin robar leda) folima ne, wato dogayen sarƙoƙi. Bajamushen nan Hermann Staudinger ne ya kafe a kan haka tun 1920, lokacin da yawancin masana ba su yarda ba, ya samu kyautar Nobel a 1953. Sarƙar PE ɗaya mai matsakaicin tsawo tana ɗauke da ƙwayoyin kabon dubbai a jere. Idan ta narke ba a miƙe take zama ba, nannaɗewa take yi ta cukurkuɗe da maƙwabtanta, kamar zaren masaƙi da aka zuba a kwando ba a kan kwarkwaro ba. Ka ja sili ɗaya, duk kwandon ya biyo. Wannan harɗewar ita ce kaurin da kake gani.

Sarƙoƙin ba sa zama shiru, zafi yana sa su motsi kullum, suna zare jiki daga wannan ƙulli suna faɗawa wani. Bafaranshe Pierre-Gilles de Gennes ya kwatanta shi a 1971 da tafiyar maciji a cikin rami. Kowace sarƙa tana da ɗan lokacin da take buƙata kafin ta sake harɗewa. In ka tura robar a hankali, duk ƙullin da gudu ya warware, wani ya ƙullu a madadinsa, kaurin ya tsaya cak a samansa. In ka tura ta da saurin da ya fi ƙarfin wannan lokacin, warwarewa ta fi ƙulluwa yawa, sarƙoƙin su miƙe su jeru ta fuskar da ake tafiya, su riƙa zamewa a kan juna. Nan take robar ta tsinke. Gudu ya tsaya, su sake nannaɗewa, kauri ya dawo. Ba abin da ya lalace.

Masu lissafi suna taƙaita ƙarfin wannan tsinkewa da lamba ɗaya, n. Ruwa n ɗinsa 1 ne, bai tsinkewa. Robobin da kuke aiki da su suna tsakanin 0.3 da 0.6 a saurin aiki. Mu ɗauki 0.4 a matsayin misali. Ka ninka saurin zamiya sau 2, kauri ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka ninka sau 10, ya koma rubu'in yadda yake. Sau 1,000, ya faɗi kusan sau 60.

Yanzu duba bokitinka. Giram 300 na PP a narke ya kai kusan santimita kubik 400, don narkakkiya ta fi daskararriya ɗaukar wuri. Cikin sakan 2, kenan 200 a kowane sakan. A ce ƙofar da take shiga mol faɗinta milimita 4 ne. Saurin zamiya a bangon wannan ƙofa ya haura 30,000 a sakan. Wadda take ɗiga a iska bayan ta bar bakin inji kuwa, nauyinta ne kawai ke janta, ba ta ko kusa da haka. Shi ya sa idonka ya ga tuwo, mol kuma ya karɓi abu mai kama da kunu.

Buhu biyu, lamba ɗaya

A nan ne ake yawan asarar kuɗi, don haka bari in tsaya sosai. MFI gwaji ne mai sauƙi na auna saurin gudun narkakkiyar roba, ƙa'idarsa tana cikin ISO 1133 da ASTM D1238. Ana narkar da robar a ɗan bututu, a ɗora nauyin kilo 2.16 a kanta, ta fito ta rami mai faɗin milimita 2.095 da tsawon milimita 8, a auna giram nawa ya fito cikin minti 10. PP ana gwada ta a digiri 230, PE a 190, saboda haka 12 na PP da 12 na PE ba abin kwatantawa ba ne. Babbar lamba tana nufin roba mai saurin gudu.

Sai dai saurin zamiya a wannan gwaji kusan ninki biyu da rabi ne na lambar kanta. MFI 12 yana nufin wajen 30 a sakan. Injinka yana aiki a 30,000. An gwada dokin yana tafiya a hankali, kai kuma sukuwa za ka yi da shi. Roba biyu za su iya haɗuwa a wuri ɗaya a ƙaramin gudu, su rabu nesa a babban gudu, kuma abin da ke raba su shi ne yadda tsawon sarƙoƙinsu ya rarrabu. Wadda take da gauraye, dogaye sosai da gajeru sosai, tana fara tsinkewa da wuri kuma tana faɗuwa ƙasa da ƙarfi, don dogayen su ne farkon miƙewa, gajerun kuma suna zama kamar man shafawa a tsakani. Wadda sarƙoƙinta kusan tsawonsu ɗaya ba ta tsinkewa haka, sai ta fi buƙatar matsi a mol mai siririn bango. Akwai PP da ake kai ta ga lambar da ake so ta hanyar katse dogayen sarƙoƙinta da sinadari tun a masana'anta, kuma irin wannan tana cikin masu tsawo kusan ɗaya. Ina kyautata zaton buhunka da yake ba da guntun bokiti ya fi kusa da wannan siffa, amma daga nesa zato ne, gwaji ne zai tabbatar.

Gwajin ba wuya. Duk inda ke da injin MFI, a nemi a auna samfurin da nauyi biyu, kilo 2.16 da kuma wanda ya fi shi, 5 ko 10, a raba babbar lamba da ƙaramar. Wadda rabonta ya fi girma ita ta fi tsinkewa, ita za ta fi cika mol da sauƙi. Maki biyu ne kawai a kan doguwar hanya, cikakken hoto sai na'urar da ke tura roba ta siririn rami a gudu daban-daban, amma maki biyu sun ishe ka bambance buhu da buhu kafin a biya kuɗin tan guda.

Ga kuma niƙaƙƙiya, wato tsohuwar roba da aka niƙa don a sake narkarwa. Kaurin roba a ƙaramin gudu yana bin tsawon sarƙa da tsanani: ka ninka tsawo sau 2, kauri ya ninka fiye da sau 10. Ka rage tsawon da kashi 20 cikin ɗari, kauri ya faɗi ƙasa da rabi. PP duk zagayen da ta yi a inji, zafi da iska suna katse sarƙoƙinta, MFI ya hau, ta ƙara saurin gudu, bokitin kuma ya ƙara saurin fashewa idan ya faɗi. Wannan tsinkewa ce da ba ta dawowa, kada ka haɗa ta da ta gudu. PE takan yi akasin haka wani lokaci, sarƙoƙin su liƙe da juna, ta ƙara kauri, ƙananan gudaji su fito. Idan kuna gauraya iri ɗaya mai lamba biyu, kada ka raba tsakiya da lissafin kasuwa. Rabin MFI 2 da rabin MFI 30 ba ya ba da 16, wajen 8 yake bayarwa, don mai kaurin ce ke jan ragama. Kashi 70 na 12 da kashi 30 na 30 zai ba ka kusan 16.

A Kumasi niƙaƙƙiyar da ake saya a hannun masu tara roba ba kasafai take zuwa zalla ba. Ledar fiya wata PE ce ta yin leda, mai kauri da ƙaramar lamba, kuma PE ba ta narkewa cikin PP su zama abu ɗaya. In ta yi yawa za ka ga bangon bokiti yana ɓarewa fallaye-fallaye, hannu yana ɓallewa. Ka zuba tafi ɗaya na niƙaƙƙiyar a bokitin ruwa ka juya. PP da PE suna tasowa sama, PET ta gorar ruwa da PVC ta bututu suna nutsewa, haka ma robar da aka cika wa garin alli. PET ba ta narkewa a zafin da kuke aiki, sai ta toshe ƙofa. PVC kuwa ƙonewa take yi ta fitar da hayaƙi mai guba da ke cin ƙarfen sukurun da ke tura roba a inji da na mol, ita ce na fi jin tsoro a madadinku.

Shawarar masta

Masta bai yi ganganci ba, abin da hankali ke bayarwa ya faɗa: abu ya ƙi shiga, a bi shi a hankali a ƙara masa zafi. Da ruwa ko mai ne, ya yi daidai. A roba rage gudu yana cutarwa ta hanya biyu. Kaurin ya hau saboda zamiya ta ragu. Sannan mol sanyi gare shi, robar da ta taɓa bango nan take take daskarewa, kuma duk daƙiƙar da aka ƙara wannan ɓawon yana ƙara kauri daga ɓangarorin biyu. A bango mai milimita 1.5 ba sai ya yi yawa ba kafin hanya ta kusa rufewa. Ga roba mai n 0.4, abin da ke wucewa ta siririyar hanya yana bin faɗinta sosai, bambancin kashi 5 cikin ɗari a faɗi yana kawo bambancin kusan kashi 25 a gudu. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa idan ƙarfen tsakiyar mol ya ɗan karkace, gefe ɗaya na bokiti yake cika ɗayan ya rage.

Zafi yana taimakawa, amma ƙasa da yadda ake zato. Ƙarin digiri 10 yana rage kaurin PP ko HDPE (PE mai tauri) da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a ƙaramin gudu, a babban gudu ma ƙasa da haka. Ka kwatanta da ninka gudu sau 2 da ya ba ka kashi ɗaya cikin uku. Kuma zafin yana da kuɗinsa: lokacin sanyaya ya ƙaru, lantarki ya ƙaru, sarƙoƙi su ƙara katsewa. Gudun da kansa yana dumama robar, duk bar 100 na matsi (bar ma'aunin matsi ne) da ta kashe wajen ratsa hanya yana ƙara mata wajen digiri 4 zuwa 5.

Kada ka fahimce ni da cewa ƙarin gudu yana rage matsi kullum. Kauri yana faɗuwa amma robar da kake turawa a sakan ta ƙaru, saboda haka ninka gudu sau 2 yana ƙara matsi da kusan kashi 30 cikin ɗari, ruwa da ya ninka shi cif. In ka yi a hankali ƙwarai matsi ya hau saboda daskarewa, in ka yi sauri ƙwarai ya hau saboda yawa. Akwai kwari a tsakani, a nan ake so a zauna.

Ga yadda ake nemo shi a kan injinka. Ka cire matsin ƙarshe da yake danne roba bayan cika. Ka ɗaga iyakar matsin turawa yadda inji zai sami sarari, don in ya bugi iyaka, gudun da ka saita a allo ba shi ne yake yi ba. Ka fara da gudu mai yawa, ka daidaita yawan robar ta yadda bokiti zai cika kusan kashi 95 cikin ɗari, kada ya cika fal tunda ba a danne ba. Ka rubuta lokacin cikawa da matsi mafi girma. Sai ka riƙa rage gudu mataki-mataki, kamar sau 8 zuwa 10, kana rubuta su biyun kowane mataki. Ka ninka matsi da lokaci, lambar da ta fito ita ce ma'aunin kauri a mol ɗinka. Za ka ga a ƙaramin gudu lambobin suna tsalle, ɗan sauyi ya kawo babban bambanci, a babban gudu kuma sun kusa daidaita. Ka zaɓi gudun da yake farkon wurin da suka daidaita. A nan ne bambancin buhu da buhu yake raguwa, don a babban gudu robobin da suka bambanta a matsakaicin tsawon sarƙa suna matsowa kusa da juna, kodayake bambancin yadda tsawon ya rarrabu ba ya ɓacewa. Ka yi wa buhunan biyu wannan gwaji a zafi ɗaya, takardar za ta nuna wa masta abin da baki ba zai iya ba.

Gudu yana da iyakarsa. In ka ga baƙin tabo a leɓen bokiti inda roba take ƙarewa, iska ce ta rasa mafita, ta matsu ta yi zafi ta ƙona robar. Maganinsa wanke hanyoyin iskar mol, waɗanda zurfinsu ga PP wajen milimita 0.02 zuwa 0.03 ne, datti kaɗan ke toshe su, kuma iskar da ta maƙale ita ma tana hana cika. In roba tana tsatsowa ta mahaɗar mol, duba ko inji yana jinkirin komawa matsin ƙarshe kafin ka zargi gudu. In nauyin bokiti yana hawa da sauka alhali ba ka taɓa komai ba, duba zoben kan sukuru mai hana roba komawa baya, niƙaƙƙiya mai yashi tana cinye shi. Sai lantarki: ƙarfin hita yana bin ninkin ƙarfin wuta a kan kansa, in wuta ta sauka daga volt 230 zuwa 200 hita ta rasa kusan rubu'in ƙarfinta. Bayan an ɗauke wuta kuma, robar da ta kwana a bututu ta sha zafi sau biyu, a fitar da ita kafin a fara kowane gwaji.

Sabulun uwargida

Abin da ta gani daidai ne, kuma dangin naka ne. Garin da ake sa wa sabulu don kauri, irin CMC, shi ma dogayen sarƙoƙi ne, sai dai a ruwa suke iyo maimakon su narke da zafi. In sun yi kaɗan, kowace tana gefenta, ruwan ya ɗan yi nauyi kawai. Da sun kai yawan da suke taɓa juna sai su harɗe, daga nan ɗan ƙari yake ninka kauri, shi ya sa tsakanin kashi 1 da kashi 2 cikin ɗari bambancin ya wuce ninki biyu nesa. Muciya tana juyawa su miƙe, ta tsaya su koma. Abin so ne ma, shi ke sa sabulu ya zauna a tafin hannu amma ya fito daga gora idan an matsa. Yauƙin kuɓewa da ayoyo ma daga dogayen sarƙoƙi yake, kodayake shi turjiyar ja ce, ba ta zamiya ba.

Kuskuren da ake yi shi ne yanke hukunci ana cikin juyawa. Ta ga ya tsinke, ta ƙara gari ko gishiri, washegari ya ƙi fita daga gora. Ta bar shi ya kwana, kumfa ya kwanta, garin ya gama jiƙa, sannan ta gwada da mazurari ɗaya, a cika shi zuwa wuri ɗaya, a ƙirga sakan, a lokaci ɗaya na yini, don sanyin asuba da zafin azahar ba kauri ɗaya suke bayarwa ba. Garin a barbaɗa shi kaɗan-kaɗan ana juyawa, in aka juye shi gaba ɗaya bayansa ya jiƙe ya rufe busasshen ciki ya zama gudaji. Ya gama narkewa kafin gishiri ya shiga, gishiri yana sa sarƙar CMC ta takure. Shi kansa gishirin yana kaurara sinadarin kumfa ne zuwa wani mataki, a wuce nan sabulu ya koma ruwa, don haka a narka shi a riƙa zubawa da cokali ana jira tsakani.

In kuma sabulun ya yi kauri lafiya, bayan mako biyu ya tsinke a gora ba wanda ya juya shi, wannan irin na niƙaƙƙiyar PP ne, sarƙoƙin aka katse. Ƙwayoyin cuta ne suke cin CMC, kamar yadda koko yake tsinkewa ya zama tsararo idan an yi ta mayar da cokalin da aka sa a baki, yawu yana yanka sitacin. Ƙarin gari ba zai gyara wannan ba. Ta tafasa ruwan haɗi ko ta yi amfani da mai tsabta, ta wanke robar haɗi da gorori su bushe, ta sa maganin hana lalacewa gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, bayan haɗin ya huce.